Sunan da Na Rubuta a Buhun Alkama

Har gobe ban manta da safiyar wata Talata a tsakiyar watan Nuwamba ba, ranar da na iso siton sashenmu na tarar da buhunan irin alkama jibge a bakin ƙofa. Ni da hannuna na raba su kwana huɗu kafin nan. An dawo da su a amalanke da bayan babur, an jera su tsaf, ko ɗaya ba a kwance wa baki ba. Na ƙirga har sau biyu: cikin buhu sittin da na bayar, arba'in da ɗaya sun dawo. Na sha ganin manomi ya ƙi taki, na sha ganin ya ƙi maganin feshi, amma a ba shi iri kyauta ya ɗauko ya maido, ranar na fara gani.

Ga waɗanda ba su san tsarin aikinmu ba, bari in ɗan warware. Filin noman rani da ke tsakanin Kura da Bunkure an yanka shi sashe-sashe, kowane sashe da ƙofar ruwansa daga babban kanal, da ƙungiyar manomansa, da malamin gona guda. Malamin gona shi ne ƙasan tsani. A samansa akwai mai duba sassa, a saman wannan kuma akwai shugaban shiyya, wanda a lokacin Alhaji Sabo ne, mutum mai son takarda ta yi kyau ko da gona ba ta yi ba. Ni malamin gona ne, ina matakin albashi na takwas, shekarata goma sha ɗaya a aiki. Sunana Abubakar, amma duk sashen Malam Habu ake ce mini.

A ranin da ya gabata tsutsar nan ta tumatir da manoma ke kira sharon ta yi wa sashena kaca-kaca. Saboda haka ƙungiya ta zauna ta yanke cewa bana alkama za a yi, kuma ni na tsaya kai da fata har hukuma ta ba mu sabon iri. Ba wanda ya yi rainon tumatir, ba wanda ya tanadi irin albasa. An yi haro, an ja fangali, ana jiran ruwa. Ita kuwa alkama ba ta jiran kowa. Sanyi take so ta girma a ciki, in aka makara da shuka sai zafin Fabrairu da Maris ya riske ta tana cika ido, ƙwayar ta tsamure. An tsara ruwan farko na sashenmu ranar Litinin mai zuwa, in ya wuce mu sai bayan mako biyu layi zai zagayo. Irin kuma an cuɗa shi da maganin ƙwari mai launin ja, ba ya ciwuwa, ko kaza ba a ba ta. Wato dai in buhunan nan ba su koma gona kafin Litinin ba, gidaje arba'in da ɗaya za su zauna ranin nan suna kallon fangali fayau.

Mai gadin sito ne ya fara ba ni haske. Da na tambaye shi abin da suka ce, sai ya nuna rubutun da ke jikin buhu da sandarsa, ba tare da ya bari sandar ta taɓa ba, ya ce, "Wai sunan gunki ne wannan, Malam."

Rubutun nawa ne. To, ga yadda aka yi.

Wata takwas kafin nan an tura ni kwas na mako shida a ƙasar Masar, a wata cibiyar koyar da noman ban ruwa da ke gefen Kogin Nilu. Malaminmu na alkama wani dattijo ne mai suna Dakta Mahrus, mahaddacin Alƙur'ani, mai yawan dariya. Shi ya nuna mana cewa manoman can, Musulminsu da Kiristansu, ba da watannin boko suke lissafin shuka ba, ba kuma da na Hijira ba. Suna da tsofaffin watanninsu na gargajiya da ke tafiya da rana, kuma watan shukar alkama sunansa Hatur, yana kamawa daga wajen goma ga Nuwamba zuwa wajen tara ga Disamba. Har karin magana suke yi a kansa: "In fatak zar'u Hatur, usbur lammas-sana tadur." Ma'ana, in shukar Hatur ta wuce ka, yi haƙuri sai shekara ta zagayo.

Maganar nan ta shiga raina ƙwarai, don shekara da shekaru nake neman abin da zan kama manomanmu da shi su daina makara. Na dawo gida da ita kamar wanda ya tsinci dami a kala. Duk taron da na tsaya sai na rera ta da Larabcina na mako shida, in fassara, a yi dariya, a maimaita. Da iri ya iso, sai na ga sunansa na ofis haruffan boko ne shida da lambobi uku, ni kaina sai na duba takarda nake faɗa daidai. Na sayi babban alƙalami mai kaurin rubutu, wanda ake kira maka, na bi buhu sittin ɗaya bayan ɗaya na rubuta SHUKAR HATUR, don kowa ya tuna lokaci. Kafin a gama rabo iri ya sami suna, kowa 'Yar Hatur yake cewa. Irin ma ba daga Masar ya zo ba, a nan ƙasar aka fitar da shi. Ban kuma taɓa tambayar Dakta Mahrus daga ina sunan watan ya samo asali ba. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa ya haɗa da rawar kai.

Ƙa'idar aiki ita ce in abu irin wannan ya faru a sanar da na sama kafin a ce komai. Na hau babur sai ofishin shiyya. Alhaji Sabo ya saurare ni yana juya biro a hannu, ya danna wayarsa na ɗan lokaci, sannan ya saki fuska.

"Ai abin mai sauƙi ne, Malam Habu. Ga shi nan, gunkiyar Hathor ake ce mata, watan kuma Hatur. Ka ga ba ɗaya ba ne. Ka tara su ka ce wanda ya ɗauko maganar ya rikita abu biyu, su zo su kwashi kayansu."

Na ce, "Yallaɓai, in kuma ɗaya ne fa?"

"Su manoman ne za su je Masar su tambayo? Ni dai ranar Litinin rahoto nake so cewa an shuka. Zan zo taron da kaina."

Na fito ina jin daɗin maganarsa, ba zan ɓoye muku ba, don ita ce hanya mafi kusa, kuma ita ce za ta wanke ni. Amma a kan babur na tuna cewa wanda ya ɗauko maganar ba a garin nan ya tsaya da karatu ba. Malam Nazifi ne, shugaban Islamiyyar ƙauyen, mutum mai kimanin shekara arba'in, wanda ya yi shekara bakwai a Alƙahira. Ni na yi mako shida ina so in ƙaryata mai shekara bakwai a gaban mutanensa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa kuwa ko tsawon taku ba zai kai ba.

Ranar Laraba da hantsi na yi sallama a zaurensa. Na je da shirin faɗa, don a raina na riga na zana shi a matsayin mai neman suna da wa'azi. Abin da na fara gani a kusurwar zauren shi ne buhunsa na iri, a ɗaure, bai maido ba bai kuma buɗe ba. Shi ma yana noma fangalin mahaifinsa, shi ma bai yi rainon tumatir ba.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ka kashe mini aiki."

Ya ce, "Zauna tukuna, Malam Habu. Ni ban ce iri haramun ne ba, ban ce kowa ya mayar ba. Ranar Asabar ina wucewa ta majalisa na ji wani yana cewa bana Hatur za ta ciyar da mu, Hatur za ta aurar mana da 'ya'ya. Na san bai san abin da yake faɗa ba, amma ni na sani. Bayan la'asar na ce wa jama'a su daina jingina arziki ga sunan nan, don sunan wata abar bauta ce ta mutanen Fir'auna. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Sauran su suka ƙara."

Ya shiga gida ya fito da wani littafin tarihin Masar na Larabci, bangonsa duk ya ci jiki. Ya buɗe mini wani shafi. Zanen mace ce a tsaye, da ƙahon saniya biyu a kanta, da faifan rana a tsakanin ƙahonin. A wani zanen kuma saniya ce sukutum. Ya sa yatsa a kan wata 'yar alama, shaho a cikin ɗaki mai kusurwa huɗu, ya ce haka mutanen da suke rubuta sunanta, kuma ma'anarsa gidan Hor, shi Hor ɗin wani abin bautarsu ne da suke zanawa da kan shaho. Da yake ba sa rubuta wasula, masana ba su haɗu a kan furuci ɗaya ba, wasu su ce Hut-Hor, wasu su ce Het-Heru. Da Girkawa suka mulki ƙasar sai bakinsu ya mai da shi Hathor, watan bikinta kuma suka ce masa Athir. Kibɗawa, wato Kiristocin Masar da suka gaji tsohon harshen, na kudu suka riƙe Hathor, na arewa suka ce Athor. Larabawa in suna maganar gunkiyar a littafi sai su rubuta Hathur da ha mai fitowa daga maƙogwaro har biyu, in kuma watan manoma suke nufi sai su ce Hatur. Turawan Ingila sun ɗauki na Girkawa, Faransawa sun rubuta haka amma sun haɗiye harafin farko.

Ya rufe littafin ya ce, "Suna ɗaya ne ya yi ta sauya riga. Kowace al'umma ta same shi sai ta lanƙwasa shi yadda harshenta zai iya. Yanzu ga shi ya iso Kura a bayan babur ɗinka."

Na yi dariya ba don ina so ba. Na ciro waya a gabansa na kira Dakta Mahrus, na buɗe murya don mu ji tare, Malam Nazifi yana taya ni inda Larabcina ya ƙare. Dattijon ya ƙyalƙyale da dariya har da tari. Ya ce, "Ya Abubakar, gaskiya ne mana, sunanta ne. Ni da ubana da kakana duk a Hatur muke shuka, muna bisimilla, ba wanda ya taɓa tuna saniyar. Amma in mutanenka sun tuna ta, to kada ka yi musu da su, ka nemo musu wani sunan. Alkama ba ta san me ake kiranta ba."

Na bar zauren nan da sanin abu biyu. Na farko, ni ne mai laifi. Na biyu, ba zan faɗi abin da Alhaji Sabo ya umarce ni ba. Raina ya yi sanyi, don ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Sai dai na tanadi wata dabara ta kaina wadda nake ganin da ita zan yi nasara, har ina murmushi ni kaɗai a hanya.

An yi taron ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a ƙofar gidan Sarkin Noma, Baba Ilu. Shi ne shugaban ƙungiya, tsoho ne siriri mai ƙarancin magana, wanda tun ana haƙa kanal ɗin nan yake noma a wurin. An shimfiɗa tabarmi, an kawo wa Alhaji Sabo kujera. Na sa an ɗauko buhu ɗaya an ajiye a tsakiya.

Na miƙe na ce, "Jama'a, abin da Malam Nazifi ya faɗa gaskiya ne. Sunan watan daga sunan gunkiya aka ciro shi. Ni na rubuta, kuma ban bincika ba. Ba hukuma ba ce, ba masu fitar da iri ba ne, ni ne." Na jero musu sunayen kamar yadda aka koya mini, daga Hut-Hor har zuwa Hatur, don kada gobe wani ya ji Hathor a rediyo ya ce na rage wani abu. Na ji kujerar Alhaji Sabo ta yi ƙara a bayana, ban waiwaya ba.

Sai na zaro dabarata. Na ce, "Amma ku duba, Janairu ma sunan gunkin Rumawa ne, Maris ma haka. Kullum muna faɗarsu, suna rataye a bangon kowa, ba wanda ya taɓa mayar da kalanda." Na tsaya ina jiran a ce wallahi haka ne.

Baba Ilu ya gyara zama, ya ce, "Habu, ka gama?"

"Na gama, Baba."

"To. Janairu a bango yake. Ba ma yafa shi a ƙasa da bisimilla, ba ma niƙa shi mu ba iyali. Wannan kuwa cikinmu za shi. Ka fara da gaskiya mun ji daɗi, kada ka ƙarasa da wayo."

Kunya ta kama ni. Dabarar da na kwana biyu ina goge ta, tsoho ya kashe ta da numfashi ɗaya.

Malam Nazifi ya karɓa, ya ce ƙwayar alkama halittar Allah ce, ba abin da tawada za ta yi mata, a goge sunan a shuka. Mutane suka fara gyaɗa kai. Na yi maza na ce to shi ke nan, a koma kiran iri da sunansa na ofis, na duba takarda na karanto haruffa shida da lambobi uku. Wurin ya fashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Malam, wannan ai lambar mota ce!"

Baba Ilu ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Mu nan iri ba ya yawo ba uba. Masarar da muke ci 'Yar Liti ce, don Liti ya kawo ta daga kudu ya ce in ta ƙi a kama shi. Shinkafarmu ta fadama 'Yar Mamman ce. Kowane iri da wanda ya tsaya masa. Wannan da mun ɗauka wata Hatur ce ta tsaya masa, ashe saniya ce. Yanzu ba shi da kowa. Kai ka kawo shi, kai ka ɓata masa suna. Za ka ba shi naka?"

Kafin in buɗe baki ya ƙara da cewa, "Ka dai san Ɗan Isiya."

Na sani, duk malamin gonar da ya yi aiki a yankin ya sani. Isiya malamin gona ne da ya riga ni a sashen. Ya kawo wani irin tumatir ya yabe shi, aka raɗa masa sunansa, tumatirin ya yi 'ya'ya kamar hauka amma ba ya kwana biyu a kwando. Shekara goma sha biyar bayan nan, in kaya suka ruɓe a hanyar Legas sai ka ji an ce sun yi Isiya. Mutumin da kansa ya nemi a sauya masa wurin aiki, ko ta'aziyya ba ya iya zuwa ƙauyen.

A nan Alhaji Sabo ya yi gyaran murya ya ce, "Sarki, a ƙa'idarmu ma'aikaci ba ya ɗaukar lamunin amfanin gona. Hukuma ce ta kawo iri."

Baba Ilu ya ce, "Ranka ya daɗe, hukuma ba ta zuwa suna, ba ta zuwa jana'iza. Ina za mu gan ta in alkama ta ƙi?"

Ƙa'idar gaskiya ce, kuma tana da dalili, don ruwa da zafi da tsuntsu ba a hannun ma'aikaci suke ba. Amma ba a makance nake ba. Na ga irin nan a gonar gwaji ta Kadawa tun yana tsiro har aka yanke shi. Da buhunan suka iso kuma na yi abin da nake roƙon ƙananan malaman gona su riƙa yi kullum: na ɗebi ƙwaya ɗari daga buhuna daban-daban, na jera a jiƙaƙƙen buhun algarara, na rufe, bayan kwana biyar na ƙirga casa'in da huɗu sun tsiro. Na san abin da ke cikin buhu, rubutun bayansa ne kawai ban sani ba.

Na ce, "Baba, na ba shi. In ta yi, Allah ne ya yi. In ta ƙi saboda iri, ga ni ga ku, gidana a Kura yake, kowa ya san ƙofar."

Tsohon ya dubi jama'a ya ce, "Kun ji. 'Yar Habu ce. Allah ya raya." Aka shafa fatiha kamar an raɗa wa jaririya suna, wasu na dariya, wasu da gaske suke.

Ranar Asabar muka wuni a bakin sito da gwangwanin shuɗin fenti. Ni ina shafe tsohon rubutu, Malam Nazifi, da yake hannunsa ya fi nawa kyau, yana rubuta sabon suna da boko da ajami. Sha taran da ba su maido nasu ba su ma suka kawo a shafe musu. Ranar Lahadi aka yafa iri, ranar Litinin da safe mai kula da ƙofa ya murɗa ƙarfe ruwa ya shigo. Ban ce kowa ya dawo ba. Mutum shida sun ƙi, ɗayansu ya ce mini fenti ya rufe buhu amma bai rufe abin da kunnensa ya ji ba. Ban yi musu da shi ba, na taimaka masa ya samo irin masara, duk da ta makara ba ta yi wani abin kirki ba. Har yau ina jin nauyin mutanen nan shida, don alƙalamina ne ya jawo musu.

Ranar Laraba takardar tuhuma ta iso daga ofishin shiyya: in yi bayani cikin kwana biyu dalilin da ya sa na rubuta abin da ba a amince ba a kan kayan hukuma, na saɓa umarnin na gaba, na kuma ɗauki lamunin da ba a ba ni izini ba. Na amsa laifi uku duka a shafi ɗaya. Aka sa a fayil ɗina, kuma ƙarin girman da nake jira ya yi jinkirin shekara guda. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Watanni huɗun da suka biyo baya ban taɓa yin aiki kamarsu ba. Duk inda na bi sai a ce, "Uban alkama, ya 'yarka?" In ganye ya yi ɗan rawaya a fangalin wani, kafin in karya kumallo yana ƙofar gidana. Da ruwa ya ja baya a farkon Fabrairu saboda ciyawar kacalla ta toshe ƙaramin kanal, ban tsaya rubuta wa ofis ba, na tuɓe takalmi na shiga da lauje, manoma suka biyo ni. Da can in na ba da shawarar lokacin zuba taki na biyu sai in wuce, wanda ya bi ya bi. A ranin nan kuwa fangali-fangali nake bi ina dubawa, har matata ta ce ko 'ya'yan cikina ban yi wa wannan rainon ba.

A watan Maris aka yanke. Ƙwaya ta cika, ta yi nauyi, masu gurasa daga birni suka zo har bakin gona. Baba Ilu ya damƙo hannu guda a masussuka, ya tauna, ya daɗe yana taunawa, sannan ya ce, "Habu, 'yarka ta yi hali." Iyakar yabon da na samu ke nan, kuma ya ishe ni. Kowa ya ware na iri ya ajiye, maƙwabtan sassa suka zo nema. A rahoton ƙarshen shekara Alhaji Sabo ya rubuta haruffa shida da lambobi uku, ya bi su da cewa manoma suna kiransa 'Yar Habu, don ya san in ba haka ba ko mai duba sassa ba zai gane wane iri ake nufi ba.

Bara, bayan na ajiye aiki, na shiga kasuwar Kura neman alkamar da za a yi alkaki na bikin 'yata. Na tsaya wurin wani mai awo da ban sani ba, magidanci ne, daga ganinsa baƙo ne a garin. Ya cika kwano ya ce, "Alhaji, ɗauki wannan, 'Yar Habu ce, ba ta da na biyu. Mutanen kudu masu injin fulawa Yarabu suke ce mata, ita suke fara tambaya."

Na ce, "Wane ne kuma Habun?"

Ya ce, "Wani Balarabe ne daga Masar, babban malami. Shi ya zo da ita a aljihunsa tun zamanin da ake haƙa kanal. Ya rasu tuntuni, Allah ya jiƙansa."

Na ce amin da ƙarfi, na sa ya auna mini kwano goma. Ban gyara masa ba. Na fito kasuwar idona ya ciko, ina kuma dariya, har wani ya tambaye ni ko lafiya.

Ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu, abin da na koya ke nan. Kada ku rubuta wa manomi kalmar da ba ku bi asalinta ba, komai daɗinta a baki. In kun yi kuskure ku faɗa da bakinku a gaban jama'a, kuma in kun faɗa ku tsaya nan, kada ku ɗora wayo a kai, don mutanen nan sun fi mu jin ƙanshin wayo. Ba gardama ce ta sa suke maido kaya ba. Ranin shekara guda suke zubawa a ƙasa a kan maganarku, shi ya sa suke son su ga fuskar wanda za su kama.

Saboda haka duk buhun da za ku miƙa wa manomi, ku tsaya a bakin sito ku tambayi kanku ko kun yarda a kira shi da sunanku shekara ashirin, a kasuwa da gona da bakin 'ya'yan da ba a haifa ba. In kun yarda, ku ɗora masa a babur. In kun ji ba za ku iya ba, ku mayar da shi ciki ku kulle ƙofa.